Garwashi a Jinin Ummu Salma

A Kazaure, kafin a ga Ya Kura an riga an san ta iso. Ita ba mai ɗaga murya ba ce. Ƙamshinta ne yake riga ta shiga zaure, ya ratsa tsakar gida, ya sami wuri ya zauna, sannan ita ta biyo baya tana gyara mayafi. Shekara arba'in ta yi tana haɗa turaren wuta, har hayaƙin ya kama fatarta da gashinta da bangon ɗakinta, ya zama ba ruwan da zai fitar da shi.

An haife ta a wani ƙauyen Barebari a gefen Gaidam, a gidan da mata suke gadon turare kamar yadda ake gadon gona. Aure ne ya kawo ta Kazaure, garin duwatsu. Mijinta, marigayi Dunoma, fataucin busasshen kifi yake yi, kuma takan ce Allah ne ya haɗa su don su rufa wa juna asiri: shi ya shigo da ƙarni, ita ta kore shi. Tun da hantsi take fara aiki. Ta faskara itacen hawi ƙanana ƙanana, ta wanke kajiji ta shanya, ta narka sukari a tukunya ta juye itacen a ciki, tana juyawa farin hayaƙi yana tashi har ya rufe mata fuska. In ya huce ta yayyafa turaren ruwa, ta ɗura a kwalba ta toshe, ta tura ƙarƙashin gado ya kwana arba'in. Iyayen amare daga Roni da Gwiwa da Babura sun san ƙofarta. Akwai matan da suke tsallako iyaka don kwalba ɗaya.

Ba turare kaɗai ta gada ba. A gidansu, idan ƙirjin yaro ya fara kuka, cewa ake yi sanyi ne ya shige shi ya ja ƙofa ya rufe, kuma ba abin da yake buɗe ƙofar sai hayaƙi. Sai a zuba garwashi a kasko, a barbaɗa kajiji da ɗan ƙaro, a zaunar da yaron, a lulluɓe shi da kaskon a cikin zane mai kauri, a danne gefen zanen da hannu da ƙafa don kada hayaƙin ya tsere. Haka aka yi wa ƙannenta tana kallo. Haka kakarta ta yi wa uwarta.

'Yarta ta fari sunanta Zulaikha, amma Ya Kura ba ta taɓa kiran sunan ba, saboda kunyar ɗan fari. "Ke," take ce mata, ko "yarinyar nan". Yarinya ce siririya mai dogon wuya, mai son zama kusa da tukunya tana lasar sukarin da ya daskare a jikin muciya. Tana shekara biyar ƙirjinta ya fara kuka. Wani siririn fito ne yake fita tare da numfashinta, kamar an busa karan dawa. Sau uku Ya Kura ta lulluɓe ta da kasko, sau uku yarinyar ta fito tana tari da hawaye, bayan wani lokaci abin ya lafa. Wa zai ce mata ba hayaƙin ne ya yi aiki ba?

Na huɗun da la'asar ne, cikin damina, Zulaikha tana shekara bakwai. Hadari ya haɗo ta gabas, Dunoma yana kan hanya, ƙanin Zulaikha, Muhammad Nur, yana barci a kan tabarma. Ya Kura ta hura garwashi, ta ɗauko zanenta mafi kauri. Daga ƙarƙashin zanen ta ji muryar yarinyar a yayyanke, tana kiran ta Ya, yadda Barebari suke kiran uwa.

"Ya... ya isa."

"Daure kaɗan. Yanzu zai buɗe."

Fiton ya yi ta sirancewa, ya yi ta sirancewa, har ya ɗauke. Ya Kura ta ce alhamdu lillahi. Ta ji daɗi, wannan shi ne abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta ƙara danne zanen, ta karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku a hankali don maganin ya zauna. Sannan ta ɗaga.

Matan unguwa suka ce kwana ne ya ƙare. Suka ce ta yi iyakar abin da uwa za ta yi. Ita ma ta faɗa wa kanta haka, ta kuma ƙara da nata: cewa ƙirjin ya riga ya buɗe, ciwon ya riga ya sake ta, ajali ne kawai ya iso daidai lokacin, don haka yarinyar cikin sauƙi ta tafi. A kan wannan ta jingina shekara talatin.

Amma fiton bai bar ta ba. Takan ji shi a butar shayi idan ta kusa tafasa. Takan ji shi a ƙarƙashin ƙyaure idan iskar hadari ta taso, da jikin wayar lantarki, da bakin kwalbar da aka manta ba a toshe ba. Duk la'asar ɗin da gabas ta yi baƙi, sai ta ajiye muciya ta tsaya tana saurare, kamar wadda aka kira daga bayan katanga.

Muhammad Nur ya girma, ya zama malamin gona, kullum yana kan babur tsakanin Kazaure da ƙauyukan Gwiwa. Da aka yaye 'yarsa Ummu Salma, Ya Kura ta ce a kawo mata ita ɗakinta, aka kawo. Yarinyar ta tashi da baki kamar tsuntsuwa.

"Tsohuwa, yau ma kin ƙona sukari."

"Ƙawata, ke da ba ki iya ɗaura zane ba, ke za ki koya mini suya?"

"Ni in na girma ba zan yi turare ba. Jirgi zan tuƙa."

"To ki ɗauke ni ki kai ni Makka."

"Ba na ɗaukar marasa haƙori."

Gado ɗaya suke kwana, kwalaben suna ƙarƙashinsu suna nuna. Tun rasuwar Dunoma ɗakin bai yi dariya irin wannan ba.

A daminar da Ummu Salma ta cika shekara shida ta fara tari da safe. Aka ce mura ce. Ta daina tsere da yara, in ta yi gudu kaɗan sai ta dafa gwiwa. Ran wata Laraba da la'asar, Ya Kura tana kan suyar turaren wasu amare, gabas ta yi baƙi, sai ta ji fiton. Ta duba buta, ba ta kan wuta. Ta duba ƙyaure, a buɗe yake. Ta waiga, sai ga Ummu Salma a bakin ƙofa, kafaɗunta suna hawa suna sauka, ramin wuyanta yana lotsawa da kowane numfashi.

Hannuwan Ya Kura ba su jira ta ba. Suka ɗebi garwashi, suka barbaɗa kajiji, suka jawo zane. Ta zaunar da yarinyar, ta lulluɓe, ta danne gefen da ƙafa.

A daidai nan babur ya tsaya a zaure. Hadarin ne ya koro Muhammad Nur da wuri. Ya shigo, ya ga zane a tsakar ɗaki yana motsi, hayaƙi yana fita ta gefe. Tun da aka haife shi bai taɓa karɓar abu daga hannun mahaifiyarsa ba tare da ta miƙa masa ba. Ran nan ya durƙusa, ya ce, "Ya, ki yi mini afuwa," ya yaye zanen, ya sungumi 'yarsa ya fita.

"Bai gama buɗewa ba!" ta ce da bayansa. "Muhammad Nur, za ka fitar da ita cikin iska!"

Bai waiwayo ba. Ta bi su a a-daidaita-sahu, ruwa yana dukan leda, ranta a ɓace.

A asibiti ta tarar an zaunar da yarinyar, an rufe mata hanci da baki da wata roba, wani farin abu yana fita ta gefenta. Ya Kura ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"To ai ga shi nan. Ku ma hayaƙin kuke ba ta."

Nas ɗin ta ce, "Iya, wannan ba wuta a cikinsa. Tururin magani ne."

Kafin magariba kafaɗun Ummu Salma suka sauka. Aka ba su gado. Da safe aka ce za a ɗebi jini, nan ma Ya Kura ta tsaya.

"Yarinyar da ƙirji yake damu, me ya kai ku jininta? Ga ta nan kamar tsinke, nawa ne jinin da za ku rage mata?"

"Ikon Allah! Tun daga bakin ɗakin awo na ce ko dai amarya aka kwantar, ko Ya Kura ce ta zo."

Tasalla ce, mai awon jini, 'yar Roni, doguwa mai faɗin murya. Ya Kura ce ta haɗa mata turaren aurenta, ta kuma haɗa na 'yarta bara. Ta rusuna ta gaishe ta, tana ɗaure hannun yarinyar da roba tana zuba.

"Turarenki ne ya riƙe mini Malam shekara ashirin da biyu. Ba don shi ba da tuni ya gudu, don ni ban iya miya ba. Ya Kura, ke ba kina buɗe kwalba ki shinshina ki faɗi kwanan da turare ya yi a ciki ba? To mu ma ɗigo ɗaya ya ishe mu mu ji labarin ciki. 'Yammata, kalli can. Yauwa, an gama. Ki zo da azahar idan mutane sun ragu, Ya Kura, in nuna miki da idonki. Na san ki, in ba ki gani ba ba za ki yarda ba."

Da azahar ta je. Ɗakin awon ƙarami ne, mai sanyi, yana warin wani abu mai kaifi da hancinta bai san sunansa ba. Tasalla ta ɗauko wani siririn gilashi da aka shafa jini a kansa aka rina, ta sa a ƙarƙashin madubin awo, ta murɗa, ta matsa gefe.

"Rufe ido ɗaya in biyun sun gagara. Kada ki taɓa da hanci."

Da farko haske kawai ta gani. Sai abubuwa suka fito, zagaye zagaye, koɗaɗɗu, birjik kamar an watsa gero a faranti. A tsakaninsu akwai wasu manya, nan ɗaya, can biyu, cikinsu cike da ƙananan ƙwayoyi ja-ja, masu ruwan lemo. Ya Kura ta daɗe tana kallo. Ta san wannan abin. Haka kasko yake idan ka leƙa shi daga sama bayan ka hure tokar.

"Garwashi," ta ce.

"Rinin da muke zubawa ne yake ba su launin," in ji Tasalla. "Masu tsaron jiki ne, iri-iri ne, wannan irin ne muke nema. Idan na ƙirga masu tsaro ɗari a jinin lafiyayyen yaro, waɗannan ba sa wuce uku, huɗu, biyar. Na jikarki sau biyu na ƙirga, sha shida. Tsutsar ciki takan sa su yi yawa, mun duba, ba ta da ita. In aka haɗa da kukan ƙirjin, likita zai gaya muku fuka ce, hanyar numfashinta a kumbure take. Ba yau ta fara ba. Tun kafin ku ji kukan kumburin yana nan, in kukan ya lafa ma yana nan, kamar gyambon da yake jiran a fama shi. Sanyi yana fama shi, ƙaiƙayi yana fama shi, hayaƙi kuwa..."

Ta shiga gyara gilasan da ba su buƙatar gyara.

"Ƙarasa."

"Hayaƙi ya fi su duka."

"Jinin ne ya ce hayaƙina ne?"

"Jini ba ya kama sunan kowa, Ya Kura. Ya ce dai akwai kumburi." Tasalla ta so ta sassauta maganar, sai ta ƙara da fara'a. "Ku gode wa Allah ma da aka kawo ta ƙirjin yana kuka. Mai kukan nan iska tana wucewa ke nan, ko da ƙyar. Wanda nas-nas suke zubar da takalmi su ruga a kansa shi ne wanda yake kokawa da numfashi kukan ya ɗauke. Sai iyaye su ɗauka sauƙi ne ya samu. Alhali ƙofar ce ta gama rufewa."

Ya Kura ta nemi kujera da hannu, ba ta samu ba, ta zauna a ƙasa. Fanka tana juyawa a sama. A waje wani yana kiran lamba. Ita kuwa tana cikin wata la'asar, ƙafarta a kan gefen zane, bakinta yana karanta Ƙulhuwallahu a hankali, ƙafa ɗaya, ƙafa biyu, ƙafa uku.

"Ya Kura? Jiri ne? In kawo ruwa?"

"Tasalla, wanda ya rasu shekara talatin, madubin nan zai iya faɗin abin da ya kashe shi?"

Tasalla ta durƙusa a gabanta. Duk barkwancin ya bar fuskarta. "Sai da jini. Babu jinin kuma."

"Ko a zane? Zanen yana nan. Ban taɓa wanke shi ba."

"Ba zai nuna ba. Wane ne?"

"'Yata ce. Ta fari."

"Allah ya jiƙanta. Ya sunanta?"

Ya Kura ta buɗe baki. Sunan ya yi shekara talatin da bakwai a bayan haƙoranta, bai san hanyar fita ba.

"Zulaikha," ta ce. Ta sake cewa, "Zulaikha," a hankali, kamar mai tashin wanda yake barci.

Tasalla ta ce mai yiwuwa ko an kawo ta asibiti a wancan zamanin ba a cece ta ba, fuka tana kisa ko babu hayaƙi, Allah kaɗai ya sani. Gaskiya ta faɗa. Ya Kura ta ji, ta gyaɗa kai, ta san kuma cewa ba a nan duniya za a ba ta amsar ba.

Kwana uku aka sallame su, da maganin shaƙa iri biyu, ɗaya na kullum safe da yamma, ɗaya na ranar da abin ya taso. Aka huda gindin wata gorar roba aka nuna musu yadda ake fesa maganin a ciki yarinyar ta shaƙa. Da yamma Muhammad Nur ya zo bakin ƙofar mahaifiyarsa ya tsuguna, yana zane a ƙasa da tsinke.

"Ya, likita ya ce kada ta zauna a gidan da ake hayaƙi. Na yi magana da kakanninta na Babura. Za su riƙe ta. Akwai makaranta kusa da su."

"Ka gama shawarar ke nan?"

"Ni ba zan ce ki bar sana'arki ba. Da ita kika rene ni."

"Yaushe?"

"Asabar mai zuwa."

Ummu Salma tana sashen uwarta, an hana ta shigowa. Daga can ta ɗaga murya. "Tsohuwa! An ce za a kai ni Babura. In na tafi wa zai riƙa nemo miki carbinki?"

Ya Kura ta dubi tukunya, ta dubi muciyar da ta lanƙwashe daidai tafin hannunta. Ba ta san kanta ba tare da su ba. Ta tuna uwarta, ta tuna kakarta, ta ga kamar idan ta kashe wutar nan ta tsaya a gabansu ne ta ce musu sun yi kuskure, ita ma ta yi.

Ran Juma'a da hantsi ta aika aka kira wata mata da ta taɓa koya wa haɗi a wata unguwa. Ta ba ta tukunya da muciya da buhun hawi da kwalaben ƙarƙashin gado, har da na amaren da ba ta ƙarasa ba. Ta faɗa mata abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba na sirrin haɗin. Da matar ta kai ƙofa Ya Kura ta kira ta.

"Ki soya a fili, nesa da yara. In kika ji ƙirjin yaro yana kuka, kada ki lulluɓe shi. Ko wa ya ce miki. Ko ni ce na dawo na ce miki."

Kasko ɗaya ne ba ta bayar ba, tsohon, mai tsaguwa a baki. Ta kasa bayar da shi, ta kasa fasa shi. Ta kai shi bayan ɗaki ta kife, ta naɗe zanen nan mai kauri ta sa a ƙasan akwati. Aka kankare bangon ɗakin aka yi sabon shafe, aka canja katifa, ta wanke kayanta har hannunta ya saɓule. Ba a tafi Babura ba.

Yanzu Ya Kura takan shiga gidan biki ta zauna ba wanda ya waiga, sai ta yi gyaran murya. Matan da suka saba da ita sukan ce kamar an rage mata tsawo. Ummu Salma ta shinshina mayafinta ta yamutsa fuska.

"Tsohuwa, warin sabulu kike."

"Ke kuma warin gorar roba."

Yarinyar ba ta warke sarai ba. Fuka ba ta tafiya haka. Amma ta koma tsere da yara, kuma da aka sake awo bayan watanni Tasalla ta aiko cewa garwashin ya ragu. Sai dai idan ruwa ya jiƙa bango, tsohon ƙamshin yakan fito ta ƙarƙashin sabon shafen, kaɗan, kamar wani yana tsaye a bayan labule. A irin ranar Ya Kura takan buɗe taga da ƙofa, ta fitar da tabarma rumfa.

Fiton butar shayi ya daina firgita ta. Takan bar shi ma ya ɗan jima kafin ta sauke. Shiru ne ba ta yarda da shi ba. Idan Ummu Salma ta dawo daga makaranta ta kwanta barcin rana, gida ya yi tsit, gabas ta fara baƙi, sai Ya Kura ta ajiye carbi ta matso. Ta kalli ramin wuyan, ta kalli kafaɗun. Ta ɗora tafin hannu a kan ƙirjin tana jin yana hawa yana sauka. Duk da haka ba ya isarta.

"Ƙawata."

Shiru.

"Ummu Salma."

"Na'am... me kuma, tsohuwa?"

"Ba komai. Koma barcinki."